Gammon da Aka Yar

Kwana goma sha tara da rufe iyaka, aka wayi gari an yanke wayar kwastan a motar Auta.

Tasha ta cika ta batse. Manyan motoci sun fi ɗari biyu, hanci da wutsiya, tun daga ƙarfen shinge har bayan gidan mai. Gwamnatocin ƙasashen biyu sun yi cacar baki a rediyo, aka sauke ƙarfe, shi ke nan. Albasa ta ruɓe a wasu motocin, ruwanta na ɗiga ƙasa. Direbobi sun gaji da karta, sun gaji da zagin gwamnati, sun koma zagin juna. A irin wannan wuri in aka ce ɓarawo, kowa ya sami aikin yi.

Sukari motar Auta ta ɗauko, za ta kai ƙasarsu, can ƙetare. Ranar da za a rufe iyakar kwastan suka gama duba ta, suka zura waya ta ramukan tamfol, suka matse da hatimin dalma. Doka a fili take, mota mai hatimi ba a buɗe ta sai ta isa inda za ta. Da safen nan Auta ya zaga motar kamar kullum, ya tarar an yanke wayar ta baya, an murɗe an haɗa, an shafe da baƙin mai. Wanda bai san motar ba ba zai lura ba. Shi ya lura, ya ɗora hannu a ka ya kwarma ihu.

Aka aika a kira Mai Sawu.

Shekara talatin ya yi yana bin sawu a garin nan: shanu, jakuna, ɓarayin taya. Ba shi da ofis, ba shi da kaki. Sanda ce da shi da ido, idon ma na hagu ya fara yana. Auta ɗan ƙanwarsa ne, wadda ta yi aure ƙetare tun kafin a kafa ƙarfen nan. Jiya da ruwan sama ya tsuge, shi ya matsa wa Auta ya bar kwanan ƙarƙashin mota ya zo gida, don zazzaɓi na cinsa. Sau ɗaya tak cikin kwana goma sha tara.

“Kawu, sun kashe ni,” in ji Auta. “Me zan gaya wa mai kaya?”

“Ja da baya tukuna. Kana taka mini aiki.”

Mai Sawu ya zana da'ira da sanda a bayan motar, ya ce kowa ya fita daga ciki. Ruwan jiya ya bar ƙasa kamar ƙullu. Sawun mutum huɗu ne, takalman taya irin na 'yan dako, wanda rabin tashar ke sawa. Sun bar motar, sun ratsa tsakanin layi, sun nufi famfo. Jama'a sun riga sun bi su tun da safe. A kan simintin famfo sawun ya mutu.

“Ai ba sai an wahalar da tsoho ba,” wani direba ya ce daga baya. “Shi ya sayar da kayansa ya ci. Yunwa ce, ba mu ga laifinsa ba, amma ya daina mana kuka.”

Wani ya karɓe: “Mutanen ƙetare ke nan. Su mare ka, su riga ka faɗuwa.”

Aka yi dariya. Auta ya zabura, Mai Sawu ya tare shi da sanda ba tare da ya ɗago kai ba. A gindin tayar baya ya ga gammo, tsumman wata riga ruwan ɗorawa da aka naɗe, laka ta taɓa gefe ɗaya. Ya ɗauka ya jefa a aljihu.

Ciyaman ɗin tasha ya iso, waya a kowane hannu. Ya gaishe da Mai Sawu da ladabi fiye da kullum.

“Baba, mun riƙe mai gadi a ofis. Kafin la'asar muna so a gama. In an sami ɓarawo, to. In ba a samu ba, da mai gadin da direban duk mu miƙa su ga 'yan sanda, su suka san yadda ake tambaya.”

* * *

Mai gadi na zaune a ƙasa cikin ofishin ƙungiya, an cire masa hula da takalmi. Sa'ar Mai Sawu ne, tare suka yi tashe.

“Ina kake jiya?”

“Ƙarya ba ta da amfani a shekaruna. Ba na nan. Matata na asibiti, an ce jininta ya hau. Na tafi da magariba, ban dawo ba sai da gari ya yi haske.”

“Ka bar motoci ɗari biyu ka tafi?”

“Ba ni na bar su ba, izini aka ba ni. Ciyaman da kansa, Allah ya saka masa. Ya ce cikin ruwan nan ko ɓera ba zai fito ba, in je in duba iyali.”

“Ka roƙe shi ne?”

“Ban ma buɗe baki ba. Shi ya tambaye ni jikinta.” Ya share fuska da tafin hannu. “Yanzu ga shi ya manta ya faɗa. Ka gaya musu, don Allah. In suka kai ni can, wa zai kai mata ruwan zafi?”

Mai Sawu bai yi alkawari ba.

* * *

Uwar Tasha, mai sayar da abinci a bakin ƙofa, tana kankare tukunya. Ba abin da ke shiga ko fita bai wuce ta gabanta ba. Tana ganin Mai Sawu ta ɗago kai.

“Sai yau ka tuna da ni, da idonka ya gaza?”

“Ido ɗaya ya gaza. Ke kuma bakinki bai taɓa gazawa ba. Me kika gani?”

“Ni ban ga komai ba.” Ta dubi hagu da dama. “Sai dai Mai Faci. Ina hura wuta ya wuce da baro, an rufe da buhu, yana turawa yana nishi kamar mai naƙuda. Ban ce komai ba, ka ji ko?”

Sawun baron na nan, taya ɗaya ta nutse sosai. Mai Sawu ya bi shi har rumfar Mai Faci, mai gyaran taya, direbobi kusan ashirin na biye da shi, wasu sun riga sun ɗauki ƙarafa. Mai Faci na ganinsu ya miƙe, bututun iska a hannu.

“Lafiya? Duk tayoyinku ne suka fashe lokaci ɗaya?”

“Buɗe buhun can.”

Ya yaye. Baturan mota ne guda biyar, an jona su da wayoyi.

“Na masu motocin da suka mutu a tsaye ne. Kullum da asuba nake kwasowa in yi caji. Kai, mai jar hula, wannan ba naka ba ne? Ka zo da ƙarfe ka fasa kan mai tayar maka da mota?”

Mai jar hula ya ɓoye ƙarfen a bayansa. Taron ya watse yana gunaguni, kamar an hana su abinci.

* * *

Rana ta take. Mai Sawu ya zauna a inuwar wata mota, gwiwoyinsa na ciwo. Ba shi da komai. Mutum huɗu sun zo, mutum huɗu sun tafi, siminti ya haɗiye su. Ba ko ƙwayar sukari a ƙasa, ba layin tururuwa, abin da ya dame shi tun safe. Buhun sukari ba ya tafiya bai yi zuba ba.

A gabansa 'yan dako na sauke ruɓaɓɓiyar albasa suna kaiwa juji. Ya zuba musu ido don ba shi da abin kallo. Kowanne ya zo gindin mota da gammo a hannu, ya ɗora a ka, a aza masa buhu, ya tafi da gajeren taku, ƙafa a ware. Can wani ya kai buhunsa na ƙarshe. Yana jefarwa ya cire gammon, ya yar a nan inda ya sauke, ya murza wuya, ya juyo yana tafiya sakayau.

Mai Sawu ya sa hannu a aljihu.

Wanda zai ɗauki kaya ba ya yar da gammo. Sai wanda ya sauke.

Ya koma bayan motar Auta, ya durƙusa cikin da'irarsa. Da safe ya dubi inda sawun ya nufa, kamar kowa. Yanzu ya dubi zurfinsa. Ya sa tsinke ya auna. Sawun da ke barin motar bai kai rabin gaɓar yatsa ba, taku dogo, na mutumin da ba ya ɗauke da komai sai kansa. Wanda ke fuskantar motar ya nutse gaɓa biyu, taku gajere, ƙafa a ware. Sahu bayan sahu, haka.

Sun zo da nauyi, sun tafi wayam.

Ya miƙe ya bi mai zurfin da baya da baya. Wannan sawun bai bi ta famfo ba. Ya ratsa bayan layi na uku, ya zaga banɗakuna, ya bi jikin katanga inda ba mai bi, ya tsaya a ƙofar baya ta wani sito. An share dokin ƙofar, an watsa yashi. Mai sharar ya tsaya taku uku daga ƙofa, lakar da ke gaba ta riƙe komai.

Siton Ajan ne, mutumin da ke yi wa rabin motocin tashar takardun fito.

Zuciyar Mai Sawu ta yi sanyi. Ba a saci komai ba. Ɗan ƙanwarsa ba ɓarawo ba ne, mai gadi ma haka. Ga ƙasa ta faɗa, kuma a saninsa ƙasa ba ta taɓa yin ƙarya ba. Ya tafi ya ce wa Ciyaman a tara mutane, a kira har jami'in kwastan.

* * *

Ofishin ƙungiya ɗaki ɗaya ne, tebur, benci biyu, fanka da ba ta juyawa. Ciyaman na kan kujera. Ofisan kwastan ya ajiye hularsa a tebur. Ajan ya zauna kusa da taga cikin farar riga, yana juya makullin mota a yatsa. Mai gadi na ƙasa inda aka bar shi. Shugaban 'yan dako ya tsaya a bakin ƙofa, wuyansa kamar turmi. Auta ya jingina da bango. Direbobi sun cika tagogi.

Mai Sawu ya ajiye gammon a tebur.

Hannun shugaban 'yan dako ya tafi ƙugunsa, inda 'yan dako ke soke gammo. Ya sauke hannun da sauri. Mai Sawu ya gani. Ajan ma ya gani.

“Ba a ɗauki komai daga motar nan ba,” in ji Mai Sawu. “Ƙara mata aka yi. Mutum huɗu, sun yi sahu da yawa. Sun zo da kaya, sun koma hannu wofi. Ga gammon wanda ya sauke na ƙarshe. Kayan kuma daga ƙofar bayan siton Ajan suka fito. Sawun na nan, kowa ya zo in nuna masa.”

Direbobin da ke tagogi suka juya suka dubi Ajan.

Ajan ya yi murmushi. “Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ƙofata 'yan dako nawa ke bi a rana? Gammo kuma ba a rubuta suna a jikinsa.”

“Ba kowa ke bi bayan ruwa ya ɗauke ba. A buɗe motar. Gani ya kori ji.”

Ofisa ya gyara zama. Ba fushi a muryarsa, kamar malami ne ke yi wa ɗalibi bayani.

“Za a iya buɗewa. Amma bari in gaya maka yadda take, Baba, don kada a ce ban faɗa ba. In na buɗe, duk abin da na samu a ciki na mai motar ne. Sunan wa ke kan takarda?” Ya dubi Auta. “Naka. Abin da ake lodawa a motar wani ba da saninsa ba kuwa, ka san ba sukari ba ne. Shekara goma sha biyar, in alƙali ya yi sassauci.”

“Amma sawun…”

“Kotu ba ta karanta laka. Takarda take karantawa.”

“To shi ya sauke abin da kansa, ya zubar.”

“Ya karya hatimin gwamnati? A kama mota, a kama kaya, a kama shi.”

“Masu kayan kuma,” Ajan ya ce a hankali, yana duban makullinsa, “ko su wane ne, ba na jin za su ji daɗi. Mutum da iyali, 'yan mata biyu ƙanana, in ji mutane.”

Auta ya bar jikin bango.

Mai Sawu ya dubi tagogin. Mutanen da suka bi shi da ƙarfe don baturan Mai Faci, yanzu kowa takalminsa yake kallo. Takardunsu na hannun Ajan. Ya dubi Ciyaman, wanda ya ba mai gadi hutun da bai roƙa ba. Ciyaman na duba waya.

“Alhamdu lillahi,” in ji Ciyaman, ya miƙe. “Ashe ma ba sata. Baba ya wanke kowa. A ba mai gadi hularsa. Sauran magana, a bar kaza cikin gashinta.” Ya ɗaga wayar sama. “Ga albishir kuma. An daidaita. Ƙarfe uku za a ɗaga shinge, zuwa magariba kawai. Kowa ya tayar da motarsa.”

Ihu ya tashi a waje. Kafin Mai Sawu ya kai ƙofa, injina sun fara tari. Ya fita yana ɗaga sanda, yana cewa a tsaya, a bar layi na uku. Ba wanda ya ji shi. Mota ta farko ta ja baya ta bi ta kan da'irarsa. Ta biyu ta bi jikin katanga. Cikin minti goma tashar ta koma kwaɓaɓɓiyar laka, ba sawun mutum ko ɗaya.

Da ya waiwaya cikin ofis, gammon ba ya kan tebur.

* * *

Ofisa da kansa ya zura sabuwar waya, ya matse sabon hatimi, ya buga tambari a takarda. Ya ce kyauta ne, saboda tsoho. Aka ba motar Auta wuri a gaban layi.

Mai Sawu ya tsaya a gindin ƙofar direba. Auta na zaune a sama, hannu biyu a sitiyari, rigarsa ta jiƙe.

“Ka bar motar,” in ji Mai Sawu. “Ka sauko mu tafi gida. Na san hanyar daji, in ƙetarar da kai da ƙafa.”

“In je ina, Kawu? Sun san gidanmu. Ba ka ji ya ƙirga mini 'ya'ya ba?”

“Wataƙila can ba za su duba ba. Ga sabon hatimi.”

“Can karnuka gare su. Kuma ba motar suke fara dubawa ba, fuskar direba suke dubawa.” Ya share gumi da kafaɗa, wani ya tsatso. “Shekara tara ina wucewa ina musu wasa. Da ban lura da wayar nan ba, da yau ma zan wuce ina dariya, don ban san komai ba. Dube ni yanzu.”

Mai Sawu ya dube shi. Ko makaho ya karanta wannan fuskar.

“Ni na yi ihu, ni na jawo,” in ji Auta. “Tsuntsun da ya ja ruwa. Amma da ka ce ba ka ga komai ba, Kawu.”

“Da sun kai ku wurin 'yan sanda.”

“Da duka ne kawai.”

Na baya suka danna oda. Ƙarfen shinge ya tashi. Auta ya sa giya, motar ta yi nishi ta motsa.

Mai Sawu ya bi ta a ƙafa, kansa a ƙasa, don bai san wani abin yi ba. Tayoyin baya na nutsewa fiye da na motar sukari. Ya ga haka sarai, da ido ɗaya ma. Mai gadi ya wuce shi da hula a ka, yana sauri zuwa asibiti, yana sa masa albarka. Mai Sawu ya bi sawun tayoyin har inda laka ta ƙare, kwalta ta fara. Soja ya miƙa hannu ya tare shi. Motar ta hau gada, ta shiga cikin sauran.

Wayarsa ta yi ƙara a aljihun da gammon ya zauna. Ƙanwarsa ce.

“Yaya, mun ji a rediyo an buɗe. Ya taso?”

“Ya taso.”

“Zazzaɓin fa? Ka kula mini da shi dai ko?”

Mai Sawu ya dubi kwaltar. Ba ta riƙe komai ba.

“Na kula,” ya ce.